Yashin Hanya Ta Farko

Hanya uku gare mu a garin nan, amma ɗaya kawai mota ke bi. Ta farko tana can ƙarƙashin teku, inda tarun mijina Anani ke maƙalewa ya yage. Ta biyu ba a ganin ta sai ruwa ya janye, guntayen kwalta baƙi ƙirin, ƙaguwa na yawo a kai. Ta uku ce ke bayan madafarmu, wadda manyan motoci ke bi tun daga Abijan, su ratsa Akra da Lome, su wuce mu zuwa Kwatano da Legas. Ni duk ukun nake tsoro, domin ina da 'ya.

Ayele sunanta. Tana cika shekara huɗu abin ya fara. Ina bandar kifi da hantsi, in waiwaya in ga ba ta nan. In bi sawunta a yashi, in same ta tsaye a kan guntun hanya ta biyu, ruwa har gwiwa, ta ƙura ido inda babu komai sai kumfa. Na doke ta, na lallashe ta. Na sa aka kewaye gidan da ganyen kwakwa, ta sami kafa. Ƙarshe na ɗaura mata ƙararrawar akuya a ƙafa.

"Dede, kin mayar mini da 'ya tunkiya," in ji Anani yana ɗinkin taru. "Saura ki ja ta kasuwar Vogan."

"Gara tunkiya mai rai," na ce. "Kai da ka iya iyo, ran da ruwa ya ja ta sai ka je ka karɓo mini."

Bai ƙara dariya ba.

Wata rana na dawo da ita jiƙe, ina goge mata jiki, sai ta dafe ƙirjinta da hannu biyu, ƙirjin da ba komai sai ƙashi. Ta kira ni Dada, yadda muke kiran uwa.

"Dada, nan ya cika, ciwo yake yi. Yaron bai sha ba tun safe."

Surukata, Mama Povi, tana tsintar wake a gefe. Faifan ya suɓuce mata.

Ranar na fara jin sunan Tasi Adaku, wato Gwaggo Adaku a yarenmu, ƙanwar mahaifin Anani. An aurar da ita Aguwe, hayin iyaka, cikin ƙasar Benin. Man kwakwa take kaiwa Lome. Wata safiya ta bar jaririnta wurin dangin miji, ta ce kafin la'asar ta dawo. A hanyar dawowa motarsu ta kife daidai garinmu, a kan hanya ta farko, lokacin tana tudu. An binne gawar bayan gari, inda ake binne masu irin wannan mutuwa. Amma wanda ya mutu a hanya, dole a koma inda ya faɗi, a kira sunansa, a ɗebi ƙasar wurin a kai gida, in ba haka ba kurwarsa tana nan tsaye.

"Mu muka ce aikin dangin mijinta ne, su suka ce namu ne," in ji Mama Povi. "Muna cikin wannan ja-in-ja damina ta zo. Teku ya cinye hanyar da gonar kwakwa da rijiyar gari. Ina za ka ɗebi ƙasa?"

"Kuma ba wanda ya gaya mini, Mama?"

"Da an gaya miki, me za ki yi, 'yar nan? Ki kwashe teku da ludayi?"

Ni ba mai yawan zuwa wurin boka ba ce. Amma na san abu ɗaya: in tukunya na yoyo, ba a zama tambayar wa ya fasa ta. Na dubi Anani.

"Kullum kana zagin wurin da ke yaga maka taru. Ka san shi ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"To gobe ka nutsa."

Ya nutsa. Mama Povi ta tsaya a bakin ruwa ta zuba ruwan garin masara, tana kiran Adaku da muryar da ban san tana da ita ba. Ni ina riƙe da Ayele, na naɗe zanena a wuyan hannunta. Anani ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, sannan ya ɓullo gefen kwalekwale da ƙwarya. Yashi ne a ciki, da ɓarɓashin kwalta. Ya ce farin layin tsakiyar hanyar yana nan, bai goge ba. Bai sake maganar ba har yau.

Aka binne ƙwaryar a tsakar gida, aka dafa tuwon masara da kifi, tsofaffi suka sha giyar sodabi suka ce an gama.

Washegari na ji ƙararrawa a bayan madafa. Na fita a guje. Ayele na tsaye a bakin hanya ta uku, yatsun ƙafarta a kan kwalta, tana ɗaga wa motoci hannu. Wata tirela ta wuce, iskarta ta kusa kwashe ta. Na fizgo ta, na zauna daɓas a ƙasa, na rungume ta har ta yi ƙara.

A zaunen nan na lura. Motocin Lome ba ta ko kallon su. Masu yin gabas kawai take tsayarwa. Na tuna sawunta a yashi: duk ran da na bi shi, in ya kai bakin ruwa hagu yake karkata. Hagu, wato gabas, wajen Aguwe.

"Mama," na ce da na shigo, "gida kuka kawo Adaku. Ita ba gida za ta ba."

"Nan aka binne cibiyarta."

"Uwa ce ke, Mama. Kina da jariri bai sha ba tun safe, a zaunar da ke gidan ubanki a ba ki tuwo. Za ki zauna?"

Tsohuwar da kanta ta ɗauko fartanya.

Muka tsayar da motar haya, ni da Ayele da ƙwarya a ƙunshe cikin farin ƙyalle. Direban ya leƙo.

"Yaya Dede, me kika rufe haka kamar amarya? In kifi ne a buɗe mu sa albarka."

"Fasinja ce. Ja mu tafi."

Ya kalle ni, ya kalli farin ƙyallen, ya kashe rediyo. Muka wuce Agbodrafo, muka haye gadar Aneho, tafki a hagu, teku a dama yana lasar duwatsun da aka jera masa. A Hilakonji muka sauka muka ƙetare iyaka da ƙafa. Daga nan ita ke gaba, ƙararrawa na kaɗawa, ni ina bin ta da ƙwarya a ka. Ba ta taɓa zuwa garin ba. Ban tambayi kowa hanya ba.

Ta shiga wani gida mai bishiyar mangwaro. Wani mutum mai furfura a gemu yana feƙe katako. Amuzu sunansa, jaririn nan da Adaku ta bari, yanzu kafinta ne, yana da jikoki. Na gaishe shi, na fara bayani, bakina na harɗewa. Ayele ba ta jira ni ba. Ta je ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, yadda nake yi mata in ta dawo daga wasa.

"Sun ba ka abinci?"

Mutumin ya ajiye abin aikinsa a hankali. Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar.

"Sun ba ni, Dada," ya ce. "Na ƙoshi."

Ta gyaɗa kai. Ta hau cinyarsa, barci ya ɗauke ta nan take, irin barcin da rabonta da shi tun kafin ta cika huɗu. Muka binne ƙwaryar gindin mangwaron, shi yana haƙa, hawaye na bin gemunsa.

Da ta farka ta ga baƙon mutum, sai ta tsala ihu ta rugo ta ɓuya cikin zanena.

"Dada, wane ne wannan? Yunwa nake ji. Mu tafi gida."

Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Yanzu in an kai ta bakin ruwa gudu take yi, igiyar ruwa tsoro take ba ta. Anani ya ce in cire ƙararrawar, yara na yi mata dariya. Na ce bari dai. Motar nan da ta kife ba Tasi Adaku kaɗai ke ciki ba, kuma ina da ciki wata biyar.