Jan Fenti a Bayan Tunkiya

Ɗan ragon ya fito jiƙe sharkaf, bai fi tafin hannu biyu ba, yana ta buɗe baki amma iska ta ƙi zama.

Idwal ya tsuguna a rumfar tumaki yana kallon 'yarsa Nesta, likitar dabbobi, tana murza shi da busasshiyar ciyawa. Uwar ce ciwo ya kayar, dole aka farka cikinta. Wannan ne ɗa na ƙarshe daga ragon matarsa Eluned, wadda ta rasu a sanyin bana, ragon ma bai daɗe ba ya bi ta. In ɗan ya tafi, irin da ta shekara talatin tana tattali ya ƙare.

Kafin Nesta ta sa wuƙa sai da ta duba bayan tunkiyar. A duwatsun nan na Wales, fenti ake shafa wa rago a ƙirji lokacin barbara, duk mako biyu a sauya launi, a fara da ja a koma shuɗi, sai fentin da ya goga a bayan kowace tunkiya ya nuna lokacin haihuwarta. Ja ta gani, na zubin farko, wato saura kwana biyu. Ta ce wa mahaifinta ya kwantar da hankalinsa: a kwanakin ƙarshe jikin ɗan tayi kan saki wani sinadari mai tashin huhu da hanta su kama aiki, kuma ai ya riga ya sauka.

Ashe bai sauka ba. Ta taɓa kofaton ɗan, laushi tiɓis, alamar kwanakinsa ba su cika ba.

"Baba, yaushe ka sauya zuwa shuɗi?"

Idwal ya sunkuyar da kai. Sauya fenti aikin Eluned ne tun aurensu. Shi dai ya shafa ja, daga nan sai zaryar asibiti, ja ya yi ta tafiya har wata guda. Ya ɗago ya dubi Nesta.

"To yi masa allurar sinadarin mana. Ba ke kika yi karatun ba?"

"Sai ɗa yana cikin uwa yake aiki, Baba. Da na sani shekaranjiya, da uwar na yi wa."

Da-na-sani kuwa ƙeya ce. Duk da haka ya naɗe ɗan a tsohuwar rigar sanyin Eluned, ya kwantar da shi gefen murhu yadda takan yi. Kafin tsakar rana ƙirjin ya daina motsi.

Da Nesta ta wuce wata gona, ya sauko da gwangwanin shuɗin daga kan katanga, ya ɓalle murfin da wuƙa. Fentin na nan sabo fil, ko bushewa bai fara ba.