Jajayen Ƙwayoyin Kurawa

Malam Halliru mai gwajin jini ya shimfiɗa takardar da ta dawo daga Sakkwato, ya dubi Hadiyya. Yarinyar 'yar shekara huɗu tana kwance a cinyar uwarta Sadiƙa, leɓunanta sun tsattsage, fatar tafin hannunta tana saɓulewa.

"Sadiƙa, ba ƙarancin bitamin A ba ne. Yawa ya yi, har ya fara taɓa hantarta. Mi kike ba ta?"

"Abinci dai, Malam."

"Ke fa ma'aikaciyar rigakafi ce. Kin san sau ɗaya ake ɗiga shi a wata shida."

Ta sani. Ta ƙura wa simintin ɗakin ido.

*

Wata uku ke nan da aka tura ta ƙauyukan bayan Kurawa da kwalbar jajayen ƙwayoyin bitamin A, ta ɗiga wa yara. A tasha ta ji ana cewa 'yan bindiga sun tare hanyar shekaranjiya. Ta fasa tafiyar. Ta zauna gindin wata tsamiya, ta cike takarda cewa kowane yaro ya samu, ta koma garin Isa da kwalbar cikin jaka. Babu wanda ya tambaya.

Hadiyya ramammiya ce tun yaye. Kullum da safe Sadiƙa takan yanke bakin ƙwaya ɗaya da almakashi, ta matse mata man a harshe. Har daɗi take ji, wai ita 'yarta ba za ta rasa ba.

*

A bencin wajen ɗakin gwajin wata mata ta matsa wa Sadiƙa wuri. Ta ce sunanta Basira, daga bayan Kurawa. 'Yarta Kausar tana lalube da hannu, wani fari ya rufe mata ido ɗaya.

"Da dundumi ta fara, da magariba sai ta riƙa karo da turmi. Likita ya ce da an ɗiga mata jan maganin nan, da ba a kai haka ba. Mu bana ba a zo muna ba. Ban ga laifinsu ba, wa za ya biyo hanyarmu?" Ta shafa kan Hadiyya. "Taki ma rashin ne?"

Sadiƙa ta kawar da kai.

"Allah shi ba ta lafiya, 'yar'uwa," in ji Basira.

Basira ta kwance bakin zanenta, ta raba ƙuli-ƙuli ɗaya biyu, ta sa wa Hadiyya rabi a hannu. A hankali Sadiƙa ta ja hijabinta, ta rufe katin aikin da ke rataye a wuyanta.