Kiran Banki a Tsakiyar Aski

Rezata na kan maƙogwaron wani direba lokacin da wayata ta yi ƙara a gaban madubi. Saƙon banki ne, wai an cire kuɗi daga katina. Kafin in ɗauke ido, wani saƙon ya shigo da wata lamba a ciki.

Nan take na tuna abin da na yi. Jiya na sayi injin aski a intanet, arha kamar banza, kuma da hannuna na rubuta musu lambobin katin gaba da baya.

Sai ga kira. Na danna sifika da yatsa duk kumfa.

"Daga banki ne, yallaɓai. Ɓarayi na kwasar kuɗinka. Karanto lambar da muka turo yanzu, mu rufe katin."

Na fara karanto masa lambar: "Bakwai, huɗu..."

Direban ya cafke min hannu, reza ta shafce shi a haɓa.

"Maigida, kashe wayar nan!"

"Ina ruwanka?" na daka masa tsawa.

Jini na bin kumfa, amma bai sake ni ba.

"Da irin wannan kiran aka raba ni da kuɗin sayen motata. Shi ya sa har yau ta wani nake ja."

Na katse kiran, na ɗauko masa auduga.