Dutse a Kan Kabarin Malam Salihu

Da Hajiya Zuwaira ta fita takaba, wuri na farko da ta ce a kai ta shi ne maƙabarta. Da a Damagaram ne ba za ta je ba, mata ba sa zuwa. Amma a Lyon aka binne Malam Salihu, inda jinya ta kawo su wajen ɗiyarsu Mardiya, kuma a nan ba mai hana mace shiga.

Suka tarar da sababbin kaburbura jere a ɓangaren Musulmi, duk ƙasa iri ɗaya. Ruwan sama ya wanke rubutun da ke jikin katakon da aka kafa. Mardiya ta nuna wani, suka durƙusa suka yi addu'a. Sai da za su fita mai gadi ya ce musu nasu yana layi na gaba, wanda suka yi wa kuka wani mutumin Aljeriya ne.

Mardiya ta ce a sa dutse da suna. Ƙanen mamacin, Alhaji Ɗan Juma, mai tuƙin taksi a Paris, ya ce ta talho ba da yawunsa ba, gyara kabari aikin Fir'auna ne. Shi kaɗai ne namijin gidan a Faransa, Hajiya kuwa ba ta son a yi abin da zai raba shi da ɗiyar wansa. Sai ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

Ya tarye ta a tasha. Da suka gama gaisuwa ta ce, "Bi da ni ta dandalin Concorde."

"Madam, ai ba hanyar unguwarmu La Courneuve ba ce. Darasi za a yi mini?"

"Kai da ka gudu daga lakwal, ai ba ka wuce darasi ba."

Tarihi ta koyar a Damagaram har ta yi ritaya. Da suka iso dandalin ta nuna masa dogon dutsen nan mai tsini da aka ɗauko daga ƙofar wani ɗakin bauta a Masar.

"Kullum kana zagaya shi. Don me suka sassaƙa shi?"

"Girman kai mana. Wanda ya ce shi ne Ubangiji, me ya rage?"

"Wancan mutum ɗaya ne, Allah ya yi maganinsa. Sarakunan kuwa suna da yawa. Ni ma haka na yi ta faɗa wa yara, wai don nuna iko. Da na tsufa sai na daina yarda cewa iyakarta ke nan. Wanda hankalinsa ke kwance ba ya maimaita sunansa a kowane gefen dutse ɗaya. Sun yi imani in ba a gina wa gumakansu ɗaki ba kogi ba zai cika ba, kuma wanda aka daina ambaton sunansa ya sake mutuwa. Ɓata ne, ban musa ba. Amma tsoron, na gane shi."

"Mu ba haka muke ba, Hajiya. Kabarin babanmu ko harafi babu, Allah ya san inda yake."

"Kai ma ka sani, don unguwa duka ta raka shi, masu haƙa kuma sun san na kowa. A nan wa ya sani?" Ta juya ta dube shi. "Ɗan Juma, a kan kabarin wani na durƙusa. Na roƙe shi gafara, na faɗa masa abin da ban samu faɗa ba a gidan likita. Yayanka yana layi na gaba."

Wutar titi ta ba su hannu, bai motsa ba sai da na baya suka yi ta danna masa ƙaho. Ya sake zagaya dandalin, sannan ya ɗauki hanyar arewa.

"Ba gini," ya ce can. "Ba hoto, ba fure irin nasu. Ɗan dutse kamar allo."

"Ban nemi ƙari ba."

"A sa Damagaram a ƙasa. To sunan, yaya za a rubuta? Salihu kawai, ko har da na babanmu?"

Hajiya ta mai da ido kan titi.

"Kai za ka zo Lyon ka faɗa wa mai sassaƙa," ta ce. "Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa furta sunansa ba, ba zan fara a gaban Bature ba."