Kalmar da Ta Gagari Malam Gide

"Kar ka taɓa!" Malam Gide ya buge min hannu. "Dubawa kawai na ce ka yi."

Na janye yatsana daga kan wayar. Da la'asar ne, muna zaune a zaurensa. Na baro keken ɗinkina da rigar wani a kai, don sau biyu yana leƙowa yana kirana. Katanga ɗaya ce ta raba shagona da gidansa a Ƙanƙara.

Malam tsohon hedimasta ne, a Mabai ya yi yawancin aikinsa. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Ɗansa Salahuddeen yana aiki a Legas, shi ya aiko masa da tsohuwar wayarsa. A cikinta akwai wani wasa na 'yan mutane: ka gina musu gida, ka ciyar da su, ka sa su zumunci. Malam ya yi wani tsoho mai farin gemu, ya yi wani dogon saurayi ya ajiye shi a gidan da ke kallon na tsohon. Bai faɗa min sunan saurayin ba, amma na gan shi rubuce a saman kansa: Salahuddeen.

In ka taɓa saurayin sai jerin zaɓi ya fito da Turanci: gaishe shi, yi masa kyauta, yi masa faɗa. Duk Malam ya gane, sai guda ɗaya.

"Karanta, Lawwali. Hang out. Ta farkon ratayewa, ta biyun waje. Rataya a waje. To wa za a rataye, ni ko shi?"

"Ƙila shanya ake nufi, Malam."

"Shanyar mi? Yaron ko wanki ba ya yi."

Ya nuna min wani koren layi a ƙasan hoton saurayin. Shi ne ma'aunin shaƙuwarsu, kuma kullum raguwa yake. Ya gaishe shi safe da yamma, ya ba shi agogo, ya ba shi kifi a kwalba, layin sai ya ɗan motsa ya sake komawa.

"In ya ƙare, sai ya daina sanina," in ji shi. "Haka aka yi min da mai kawo wasiƙa na cikin wasan."

"Malam, ka kira Salahuddeen mana. Wayarsa ce, zai sani."

Ya dubi ƙafarsa da ta kumbura har takalmi ba ya shiga. "Wata biyu bai tambayi ƙafar nan ba. Ni zan kira shi a kan wasan yara?"

Kwana uku yana fama. Ya ɗauko wani tsohon ƙamus marar bango, ya bi shi da ɗan yatsa, bai sami abin da ya kwanta masa ba. Ranar Juma'a bai iya zuwa masallaci ba. Da aka sauko na kai masa fura, na tarar da shi a kishingiɗe, wayar a ƙirjinsa. Layin saura ɗan ɗigo.

"Danna min kalmar nan," ya ce. "In an rataye shi, kai ka yi."

Na yi bismillah na danna.

Tsohon ya taka ya je wurin saurayin. Suka nemi gindin wata bishiya suka zauna a ƙasa. Suna ta surutu da wani yare da ba na kowa ba, saurayin ya yi dariya, tsohon ya sosa gemu. Muka jira abin da zai biyo baya. Babu abin da ya biyo. Layin dai yana ta cika a hankali.

"Shi ke nan?" in ji Malam. "Zama kawai?"

"Zama kawai, Malam."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai, Bature! Kalma mai ban tsoro haka a kan zaman hira." Ya share ido da hannun riga, ya ci gaba da kallonsu. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tahi ka yi aikinka."

Na ce ba ni da aiki. Ƙarya na yi. Na zauna har aka kira la'asar.

Washegari da hantsi na jiyo muryarsa ta katanga, da ƙarfi, yadda tsofaffi ke magana a waya. "A'a, Salahuddeen, lafiya lau. Ba na bukatar komai. Labari kawai za ka ba ni." Ya saurara. "To. To, ba komai, yi aikinka. Allah ya yi maka albarka." Bai fi minti biyu ba.

Ranar Talata bai buɗe zaure ba har rana ta ɗaga. Na yi sallama sau uku, na shiga da maigidan da ke bayanmu. Yana kwance a gefen dama, ya riga ya yi sanyi. Kafin azahar muka kai shi makwancinsa.

Salahuddeen ya iso washegari ta hanyar Funtuwa. Dogo ne ƙwarai. Na miƙa masa wayar, ya juya ta a hannunsa.

"Na ce masa zan kira ran Lahadi," ya ce. "Wallahi na yi niyya."

Na so in ba shi labarin wasan, sai na ga ba zan iya ba. Na ce Allah ya ji ƙan Malam, ya ce amin.

Bayan addu'ar uku ya kulle gidan, ya bar min makulli ya tafi. Da yammar ranar hadari ya taso daga wajen Faskari. Na tsaya a ƙofar shago ina kallon ruwa yana zuba daga indararon Malam, yana haƙa ɗan rami a ƙasa, babu wanda ya tara bokiti.