Safar Hannu a Kan Modem

Ranar da za a yi wa Rhoda aikin zuciya a can birnin Winnipeg, tun da hantsi mijinta Simeonie ya iso ɗakin shan magani na ƙauyensu da ke can arewa mai ƙanƙara, sanye da rigarsa ta zuwa coci. An yi masa alkawarin zai ga matarsa a allo, su yi magana kafin a shiga da ita. Shekarunta sun ja, likita kuma bai ɓoye musu haɗarin aikin ba.

Aka kunna allo, shiru, ko ɗigon hoto babu.

Nas ta aika a kira Gaetan, mai kula da modem, wato na'urar intanet, da farantin tauraron ɗan'adam na ƙauyen. Aiki kam ya iya, sai dai baki, Allah ya kyauta. Da safen nan ma ya hau ya daidaita farantin da iska ta karkatar, ya sauko yatsu sun ƙage, ya yar da safar hannunsa a kan modem don ta sha ɗumi, kamar yadda kowa ke yi a nan.

"Baba, kwantar da hankalinka, yanzu za ka gan ta," in ji shi.

Ya shiga ɗan ɗakin injuna. Saƙo na saukowa lafiya lau, fita ce babu. Ya sauya kebul, ya sake fita ya share ƙanƙarar faranti, ya dawo yana huci. Daga nan ya ɗauki wayar gaggawa ya kira Darlene, abokiyar aikinsa ta babbar tasha da ke kudu, ya bar ƙofa a buɗe don kowa ya ji.

"Ku mutanen kudu ba ku da aiki sai shan kofi! Tsoho na nan zaune yana jiran matarsa, kun toshe mana hanya!"

"Ka gama, sarkin faɗa?" in ji Darlene. "Siginarka na gabana, ƙarfi kamar me, amma fayau take, ba ta ɗauke da komai. Da ka gama saitin safe, ka mayar da mojuleta kuwa?"

Nan take Gaetan ya tuna. In za a saita faranti, sai a sa mojuleta, sashen modem mai ɗora saƙo a kan sigina, ya ajiye saƙo ya riƙa tura sigina tsura, kamar fito, har tasha ta ce farantin ya zauna daidai. In an gama, a mayar da shi. Ɗan koyo ma ya san wannan. Ya ɗaga safar hannunsa, sai ga fitilar gargaɗi ruwan ɗorawa tana ta ƙiftawa, tun safe take kiransa a ƙarƙashin ulu.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da ya shige. Madanni ɗaya ya taɓa, ɗaya tak, fitilar ta mutu.

"Saƙo ya hau," in ji Darlene a hankali. Taushin muryar nan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Ya fito yana jan ƙafa. Hoto ya kawo tangaran: gado ne babu kowa, wata ma'aikaciya tana sauya zanin gado. Ta leƙo allon ta ce ai yanzun nan aka gangara da Rhoda ɗakin tiyata, tana ta tambaya ko mijinta ya zo.

Simeonie ya daɗe yana kallon gadon. Can ya juyo ya dafa hannun Gaetan.

"Sannu, ɗana, ka sha sanyi saboda ni. Na ji yadda ka yi da su. Mutanen can ba su san darajar mutum ba."

Gaetan ya so ya yi shiru, har ga Allah ya so. Amma kunyar ta fi ƙarfin wuyansa.

"Baba, ba su ba ne. Ni ne na manta ban mayar da inji ba."

Tsohon ya janye hannunsa, bai yi faɗa ba. Ya gyara wuyan rigarsa, ya ja kujera kusa da allon.

"To kada ka sake taɓa komai," ya ce. "Bar min gadon a haka. In za su dawo da ita, nan za su kawo ta."