Matar Jikin Takardar Cakulan

Tun safe Maame Konadu ta kasa zama. Ta baza 'ya'yan koko, waɗanda ake yin cakulan da su, a shanya, ta tattara, ta sake bazawa, idonta na kan hanya. Yau baƙin kamfanin cakulan za su zo ganin matar da suka buga hotonta a takardar kayansu, manomiya mai gonar kanta.

Gonar kanta! Ita da mijinta suka dasa kowace bishiya, amma a garinsu ɗan 'yar'uwar mamaci ke gado. Ana gama zaman makoki dangi suka damƙa gonar ga Boakye, ɗan 'yar'uwar mijin nata, wanda bai taɓa fasa ƙwanson koko ba. Ta ƙudura za ta faɗa wa baƙin, ko da za a yi abin kunya.

Boakye ya shigo yana kaɗa makullin babur.

"Maame, sa zanenki mai kyau mana. Wannan fuskar ai sai ta kori mai saye."

"Ɗana, gonar fa?"

"In kin buɗe baki, su daina sayen na garin nan kaf, kowa ya ce ke ce. Ki yi musu fara'a, in sun tafi ma yi magana."

Tsoro ya kama ta. Rijiyar burtsatsen garin ma da kuɗin baƙin aka haƙa.

* * *

Baƙin suka zo, suka sha kwakwa, suka yaba inuwar bishiyoyi. Wata baturiya ta riƙe hannunta, ta tambaya ta bakin tafinta ko tana jin daɗin gonarta. Konadu ta dubi matan garin da suka yi cirko-cirko, ta haɗiye maganar.

"Sosai," ta ce, ta yi murmushin nan na hoto.

Aka ba ta cakulan ɗaya, na farko a rayuwarta.

* * *

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba ta tare Boakye.

"To, sun tafi."

Ya sosa ƙeya. "Maame, masu haƙar zinariya sun riga sun biya kuɗin gonar. Dama jira suke baƙin su wuce."

Daga gangaren rafi ta ji injin yankan bishiya ya tashi. Ta tsaya tana sauraron bishiya ta farko tana faɗuwa, cakulan ɗin na narkewa a hannunta, yana ɓata fuskar matar da ke murmushi a jikin takardar.